Sarkin da Ke Barci a Ƙarƙashin Aska

A zamanin da, a wata ƙasa da masu ba da labari suka manta sunanta, ko kuwa suka ga ya fi musu lafiya su manta, an yi wani sarki ana ce masa Tunau. Kowane sarki da abin da yake tinƙaho da shi: wani dawakai, wani yawan 'ya'ya, wani faɗin ƙasa. Shi Tunau nasa guda ne, kuma ba ya gajiya da faɗinsa. In fada ta cika ta batse, sai ya gyara zama, ya dubi dama ya dubi hagu, ya ce, "Ni Tunau, tun da uwata ta haife ni ban san abin da ake kira tsoro ba. Sarkin da na gada a ƙarƙashin aska ya mutu, kowa ya sani. To, ni kowace Juma'a nakan miƙa wa wanzami wuyana, kafin ya gama jiƙa kan na yi barci. Har minshari nake yi."

Fadawa su ɗauka, "Gaskiya ne, Zaki! Har daga zaure muna jiyowa!" Kunnen bafade kuwa, kun san shi, yana jin abin da ko faruwa bai yi ba.

Yadda ya hau gadon, ga shi. Sarkin da ke kai kafinsa sunansa Nomau, mutum mai sanyin hali. Yana da ƙane guda, Mayana, da yaya mace, Kande, wadda ke riƙe da sarautar Magajiya. Tunau ɗan goggonsu ne, watau taubashinsu, tare suka tashi suna tsokanar juna. Amma ɗan mace ba ya gadon sarauta a ƙasar nan, sai aka ba shi Madawaki ya riƙe mayaƙa. Ya riƙe su shekara goma, har ya fara ganin cewa tsakaninsa da gadon sarauta babu komai sai wuyan mutum ɗaya.

Sarki Nomau yana da dogarai, yana da mai ɗanɗana masa abinci, yana da layu har a damtse. Amma kowace Juma'a da hantsi yakan sallami kowa, ya tuɓe rawani, ya zauna a kan buzu ya sunkuyar da kai a gaban Sarkin Aska Anaruwa, wanda ubansa ya aske uban Nomau, kakansa ya aske kakansa. Shekara ɗari biyu ana haka, ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa aska ma wuƙa ce. Tunau ne ya fara.

Ya sa aka sace matar Anaruwa da 'ya'yansa, ya kira shi ya gaya masa abin da zai yi in yana son ya sake ganinsu. Ran Juma'a Anaruwa ya yi abin da aka sa shi. Kafin ya yar da askar, Tunau ya faɗo ɗakin da takobi tsirara yana salati, ya sare shi. Ya fito jina-jina yana kuka, ya ce Mayana ne ya kitsa don ya gaji wansa. Kafin azahar aka ce Mayana ya gudu, kafin la'asar aka ce kogi ya ci shi. Masu zaɓen sarki suka taru za su yi shawara, suka leƙa waje suka ga mayaƙan Madawaki sun kewaye zauren, wai don tsaron lafiyarsu. Shawarar ba ta yi tsawo ba.

To, a ƙasar nan akwai wata al'ada. Gashin sarki ba a zubar da shi. Duk Juma'a in an gama aski, sai a tattara shi a ɗan ƙoƙo a kai wa Magajiya, ta juye a wani tulu da ke ɗakinta. In kaka ta yi, ranar da za a fara yaɓen ganuwa, sai ta fito da tulun a gaban jama'a, a zuba gashin cikin kwaɓin farko, a shafe ƙofar gabas da shi. Mutanen garin suka ce wanda gashinsa ke cikin ganuwa shi ne mai garin. Suka ce kuma ganuwa ba ta karɓar na kowa sai na 'yan gidan. In aka ba ta na bare, damina ɗaya za ta zube.

Juma'ar farko ta zo. Sabon Sarkin Aska ya shigo da zabirarsa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fara wasa aska a kan fata. Tunau ya ji ƙarar nan, shuu, shuu. Ya dubi mutumin ya ce a ransa, "Wannan ma yana da mata, yana da 'ya'ya. Ni ma kuma ina da Madawaki." Sai ya ce masa, "Ba ni askar. Zauna nan ka fuskanci bango. In ka waiga, ko ka faɗa wa wani, ka san inda Anaruwa yake."

Ya shige ƙurya zai aske kansa da kansa. Sanyin ƙarfen na taɓa ƙeyarsa sai ya ga wuyan Nomau kamar yanzu aka yi. Askar ta goce, ta yanke shi a kunne. Ya zauna yana tsane jini yana tunani. In ma ya aske, wa zai ba gashin? Kande, yayar wanda ya kashe? Ai da sili ɗaya boka ke haukata mutum, balle ƙoƙo guda duk mako. In ya binne a tone, in ya ƙona a ji ƙauri. Ga kuma ganuwa, wadda ba ta san ɗan mace ba. Ya juya ya juya, ya ga babu inda gashinsa zai zauna lafiya kamar a kansa. Sai ya bar shi a can.

Amma ƙoƙo dole ya isa wurin Magajiya. Nan ya tuna yana da kan aro.

Don kogi bai ci Mayana ba. Yana nan cikin gidan sarki, a wani tsohon ɗakin ajiyar sulke da ke bayan turaka, ƙafa a mari, hannu a sarƙa. Mutum biyun da suka kai shi can, tuni an sallame su zuwa inda ba a dawowa. Da ma Tunau ya ajiye shi ne da niyyar ya gama da shi in gari ya yi shiru. Da ya shigo da aska, Mayana ya yi kalmar shahada ya miƙa wuya. Sai ya ji ruwa a tsakar kansa.

Ya ce, "Taubashi, mene ne haka?"

Tunau ya ce, "Yi shiru, kada ka motsa."

"Aski za ka yi mini? Allah mai iko! Ka kashe sarki don ka zama wanzami?"

Daga ran nan Mayana ya zama mutumin da Tunau ya fi ƙi a duniya, ya kuma zama wanda ya fi tsoron ya mutu. Babu wanda za a amince wa ya san yana raye, saboda haka babu mai kai masa abinci sai sarki. Kullum da rana tsaka, lokacin da fada ke zaton Zaki na hutawa, Zaki na can yana sanɗa, akushi a hannu ɗaya, buta a ɗayan. In Mayana ya yi tari, sarki ke jiƙa masa magani. Har abin nan da ba a ambata a gaban manya, sarki ke fitarwa ya zubar. Kuma da yake ba shi da wanda zai yi wa magana ba tare da ya auna ta ba, sai ya zama in ya kai abincin yakan zauna a bakin ƙofa ya yi ta zuba. Ya gaya wa Mayana yadda ya yi da Anaruwa, da inda aka zuba iyalinsa, da wanda yake zargi a wannan makon. Mayana na ci yana saurare.

Kaka ta yi, aka zuba gashin a kwaɓi, aka shafe ƙofar gabas. Damina ta zo ta wuce, ganuwa ko tsagewa ba ta yi ba. Jama'a suka ce ashe ganuwa ta karɓi Tunau. Shi kaɗai ya san wanda ta karɓa.

Gashi kuwa bai san sarauta ba, tohonsa yake yi. Shekara ta farko Tunau ya ƙara wa rawaninsa ƙyalle guda, ta biyu ya ƙara biyu. Fadawa suka ga rawanin sarki na girma, suka ce sabon yayi ne, kowa ya je ya ƙara nasa, har ta kai mutum biyu ba sa iya gittawa a ƙofar zaure. Kwarkwata ta samu gida. Sarki na zaune ana kawo ƙara, kai na cinsa, ba halin susa, sai ya cije leɓe ya zare ido. Mai ƙara ya ga haka ya zaci fushi ne, ya janye ƙararsa yana neman gafara.

Wannan ɓangaren dariya ke nan. Ɗaya ɓangaren babu dariya a ciki. Sarkin Askansa na farko ya yi wata takwas yana duban bango, ran nan Tunau ya ga ya tsaya yana gaisawa da wani bafade, gaisuwar ta yi masa tsawo. Aka kai shi bayan gari. Na biyu ya yi tari a lokacin da bai dace ba. Na uku ba a ma san laifinsa ba. Madawakin da ya gaji Tunau ya ci yaƙi, ya dawo mata na yi masa guɗa, bai kwana bakwai ba. Sarkin Dogarai biyu suka bi shi. Duk wanda ya kashe, sai ya waiga ya ga ya bar ƙane ko ɗa ko suruki yana kallonsa, sai lissafin waɗanda za a yi hattara da su ya ƙaru maimakon ya ragu. Wanzami na huɗu, wani dattijo mai suna Barmo, shi ne ya daɗe, don ya koyi zama kamar turmi.

Mutum ɗaya Tunau bai taɓa ba, shi ne Waziri Arzika, tsoho tukuf wanda ya yi wa uban Nomau waziri. Ba don ƙauna ya bar shi ba. In baƙi suka shigo suka ga farin gemun nan a gefen gado, sai fadar ta yi kama da fadar da aka sani.

Wata rana bayan an tashi, Tunau ya tsayar da shi, ya ce, "Waziri, rumbuna cike suke, abokan gaba sun yi laushi. To, me ya sa har yau in na shigo fada nake jin an katse wata magana?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in faɗi ko in yi shiru?"

"Faɗi."

"Da can mutanen nan hanya ɗaya suka sani zuwa gadon nan: a haife ka a gidan, ka jira. Ranar da aka yanka Sarki Nomau, Allah ya tona asirin wanda ya sa, sai kowa ya ga ashe akwai ta biyu, kuma gajeriya ce. Ba za ka iya sa su manta sun gani ba. Duk mai takobi in ya dube ka yanzu, aunawa yake yi."

"To, mene ne magani?"

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe. Sarki Nomau in ya yi kuskure, cewa ake yi sarki ya yi kuskure, a wuce. Kai kuwa mayaƙa suka tsaya a ƙofa ranar zaɓenka. Mutane sun yi shiru, amma ba su yar da abin ba, ajiyewa suka yi. Ranar da ka yi tuntuɓe za su ɗauko."

Tunau ya dubi siririn wuyan tsohon ya daɗe. Sa'an nan ya yi dariya ya ce, "Ni da ke barci a ƙarƙashin aska?"

Waziri ya ce, "Haka ne, Zaki. Na manta."

A shekara ta bakwai, wata Juma'a da hantsi, Tunau ya bar Barmo da bangonsa ya shiga wurin Mayana. Ya jiƙa kai ya fara aski. Kafin ya kai rabi Mayana ya yi barci, kamar yadda ya saba, kansa ya langaɓe a gwiwar sarki. Tunau ya gama ya tattara, ya ɗaga ƙoƙon wajen ɗan hasken da ke shigowa ta taga. Sai ya ga fararen gashi birjik a ciki. Da ma ya jima yana tsince farare ɗaya-ɗaya yana cusawa a ramin bango, amma yau sun fi ƙarfin tsinta.

Mayana ya buɗe ido ya ce, "Me ka gani, wanzamina?"

"Furfura."

Mayana ya yi dariya har sarƙa na ƙara. Ya ce, "Ai gadon gidanmu ne. Babanmu bai cika arba'in ba kansa ya zama auduga. Ku kuwa dangin ubanka, baƙi ƙirin kuke shiga kabari. Yaya Kande ta san wannan tun kana tsotson yatsa."

Tunau ya ɗora askar a maƙogwaron Mayana ya ce, "Ka san zan iya yanka ka yanzu?"

"Za ka iya. Shekara bakwai kana iyawa. Juma'a mai zuwa kuma kan wa za ka aske?" Ya yi hamma. "Ka bar ni in ƙarasa barcina, taubashi. Hannunka ya yi laushi, wallahi ka ƙware. Duk ƙasar nan babu mai kwanciyar hankalina. Mutum ɗaya na sani wanda ba zai taɓa yarda in mutu ba, shi ne kuma ke riƙe da askar."

Tunau ya fito. Ya kankaro baƙin fitila, ya ɗiga masa mai, ya murza gashin har ya koma baƙi wuluk. Ya duba ya ga ya yi kyau, ya yaba wa kansa, ya aika.

Abin da bai sani ba shi ne, Magajiya Kande ba ta juye ƙoƙo haka kawai. Takan sa yatsa ta shafa, ta yi wa garin addu'a, sa'an nan ta zuba. Ran nan ta ɗago yatsunta ta ga baƙi. Ta ɗebi kaɗan ta wanke da sabulu, ta tsaya tana kallon abin da ya fito. Ba ta yi kuka ba sai da ta rufe ƙofa. Washegari ta aika a kira mata Waziri.

Waziri ya duba ya ce, "Ni ma na daɗe ina mamakin wanzamin da ke fitowa daga aski hannunsa a bushe. Amma Magajiya, in muka yi magana yau, kafin azahar babu mu, babu mai kan nan. Sai mu jira kaka, inda gari duka zai gani da idonsa."

Suka jira wata huɗu. Duk Juma'a tana karɓar ƙoƙo, tana aika wa sarki godiya.

Da kaka ta matso, Waziri ya sami Tunau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, akwai wata 'yar magana da ke yawo a kasuwa, ina jin nauyin faɗa. Wai sarakunan da a bakin kwaɓi suke tsayawa ranar yaɓe, kai kuwa shekara shida daga saman ƙofa kake kallo. Wai taro kake tsoro."

Tunau ya miƙe ya ce, "Wa ya faɗa?"

"Kasuwa ce, ranka ya daɗe. Ba ta da wuya ɗaya da za a sare."

Tunau ya ga in bai sauka ba, maganar za ta yi ƙafa ta shiga barikin mayaƙa. Ya ce a yi shela, bana sarki da ƙafarsa zai taka bakin kwaɓi.

Ranar ta faɗo Asabar. Tun da sassafe gari ya hallara a ƙofar gabas, magina sun kwaɓa ƙasa sun ja gefe. Tunau ya zo dogarai kewaye da shi, rawani kamar an kifa kwando. Ya ɗaga murya ya maimaita wa jama'a maganarsa ta barci da minshari, aka yi masa kirari. Magajiya ta fito, aka sauke tulu a gabanta, ta juye gashin shekara a babbar ƙwarya. Sai ta ce, "A kawo ruwa da sabulu."

Tunau ya juya ya ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Waziri ya ce, "Ai haka ake yi tun kakanni, ranka ya daɗe, sai an wanke sau uku. Ba a sa wa ganuwa dauɗa. Daga saman ƙofa ne ba a gani."

Wanki na farko, ruwan ya fito kamar na marina. Na biyu ya yi toka-toka. A na uku Magajiya ta damƙo gashin ta ɗaga sama, fari ya rinjayi baƙi, ruwa na bin gwiwar hannunta. Ta ce, "Jama'a, ku dubi gemun sarki. Ku dubi wannan."

Jama'a suka dubi baƙin gemun, suka dubi farin gashin. Tunau ya yi murmushi, don a ƙarya ba ya rasa ta cewa. Ya ce, "Nauyin mulki ne, Magajiya, ta ka ya fara mini. Na shafa baƙi ne don kada talakawa su ga sarkinsu ya tsufa hankalinsu ya tashi."

Ta ce, "Allah sarki. To, jiya Juma'a, an yi maka aski ke nan. Cire rawanin mu gani. In kan nan a aske yake, ni Kande a binne ni da rai cikin kwaɓin nan."

Tunau ya daka tsawa, "Sarkin Dogarai, kama ta!"

Sarkin Dogarai, wanda shi ne na uku, kuma ya san inda na farko da na biyu suke kwance, bai ɗaga ƙafa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai abu ne mai sauƙi. Ka nuna mata, sa'an nan mu binne ta."

Waziri ya waiga ya ce, "Sarkin Aska, kai ka yi askin jiya?"

Barmo ya fito. Ya ce, "Shekara uku ina shiga, Waziri. Bangon ɗakin nan babu tsagar da ban sani ba. Kan sarki kuwa ban taɓa gani ba."

Tunau ya kai hannu ga takobi, Sarkin Dogarai ya riƙe wuyan hannun. Ya duba wajen mayaƙa, mutanen da suka tsaya masa a ƙofar zaure shekara bakwai da suka wuce. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Magajiya ta matso ta kama bakin rawanin, ta fara ja da baya. Tana tafiya yana warwarewa, tana tafiya yana warwarewa, har ta kai jikin ganuwa bai ƙare ba. Da ƙyallen ƙarshe ya faɗi, sai suma ta zubo, a dunƙule, a cukurkuɗe kamar saƙar igiya, baƙa ƙirin babu fari ko ɗaya, ta rufe masa wuya da kafaɗu. Na kusa suka toshe hanci. Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa da aka kashe wa ɗa ta ce, "Ashe mahaukaci ne ya ƙarar da mu."

Magajiya ta dawo ta tsaya a gabansa. Ba ta ce sarki ba, ta ce, "Tunau, ina ƙanena?"

Mabuɗin na rataye a wuyansa, a ƙarƙashin sumar.

Ɗauko Mayana aka yi, don ƙafafun sun manta tafiya. Ya rufe ido da hannu saboda rana. Kansa tal, an aske shi tsaf, aikin gwani, ga farin toho ya fara leƙowa. Magajiya ta rungume kan nan ta yi kukan da ta haɗiye wata huɗu.

Nan take Alƙali da masu zaɓen sarki suka zauna a inuwar ganuwa. Mayana ya faɗi yadda aka kashe Nomau da Anaruwa, ya faɗi rijiyar da aka zuba iyalin Anaruwa. Alƙali ya ce, "Kana ɗaure, yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Shi ya gaya mini, Allah gafarta Malam. Ba shi da abokin hira sai ni."

Aka aika rijiyar, aka samu yadda ya faɗa. Alƙali ya yanke wa Tunau hukuncin kisa. Da aka zo batun naɗi, Waziri ya ce, "Ba sabon sarki za mu yi ba. Shekara shida ke nan gashin Mayana na cikin ganuwar nan, ga na bakwai a ƙwarya. Tunau da hannunsa ya yi ta naɗa shi, duk Juma'a." Aka zuba farin gashin a kwaɓi, Sarkin Magina ya ɗeba ya shafa wa ƙofar gabas.

Sai aka kira Hauni, mai sare kan waɗanda shari'a ta kashe. Ya zagaya Tunau ya duba, ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, wannan sumar za ta tare takobi. Sai an aske."

Aka shimfiɗa buzu. Barmo ya buɗe zabira, ya fara wasa aska a kan fata, shuu, shuu. Tunau ya dubi jama'ar da ta yi masa kirari ɗazu. Sarauta ta tafi, rai ma saura kaɗan, abu ɗaya ya rage masa. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce da ƙarfi, "Ku matso ku gani. Na gaya muku ni barci nake yi."

Ya rufe ido. Barmo ya zuba ruwa. Sai ga minshari na tashi, mai ƙarfi, a jere, har wasu daga baya suka fara duban juna suna cewa ko dai mutumin nan da gaske yake.

Mayana ya sa aka matso da shi kusa. Ya daɗe yana dubansa, kamar mai duban wani abu da ya sani tun suna yara. Sa'an nan ya ce a hankali, amma kowa ya ji:

"Taubashi, ni na yi shekara bakwai ina barci a ƙarƙashin aska, na san yadda ake yi. Mai barci ba ya riƙe wuyansa da hannu biyu."